Masu ɗibar ruwan rijiyoyin gwaji: aikinsu a fili madalla, rahoto kuwa sai haƙuri

Wannan na masu masana'anta ne a Challawa da Sharada da Bompai a Kano, waɗanda ake nema su riƙa gwada ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ni nake kula da wata majemar fata a Challawa, kuma bana mun ɗauki wani kamfani ya yi mana wannan aiki. Ba zan kama suna ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi.

Rijiyoyin sa ido uku gare mu, siraran bututu masu faɗin inci 2, ba a shan ruwansu. Ɗaya tana saman ramin da muke tara ruwan jima, biyu suna gangare, ta inda ruwan ƙasa ke bi ya nufi kogin Challawa. Da ta saman suka fara, wadda ake kyautata zaton ta fi tsabta, suka bar wadda ke kusa da ramin ta zama ta ƙarshe, don kada kayan aiki su kwashi dauɗa daga wannan zuwa waccan. Tun daga nan na san ba 'yan ci-da-ceto ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yi gaggawar cika kwalba ba. Injiniyar da ta jagorance su ta zura wani tef mai ƙara idan ya taɓa ruwa, ta rubuta zurfin, ta yi lissafi a gabana: bututun inci 2 yana ɗaukar wajen lita 2 a kowace mita, tsayin ruwan da ke cikinsa ya kai mita 8, ke nan lita 16, kuma sai an zuƙe ninki uku kafin a ɗebi samfur. Na ce, "Injiniya, wannan ba ɓata lokaci ba ne?" Ta ce, "Alhaji, ruwan da ya kwana a bututu ba shi ne na ƙasa ba. In na kai shi ɗakin gwaji, bututunka na gwada." Suna zuƙa tana duba na'ura, tsamin ruwan da gishirinsa da zafinsa, har sai da lambobin suka daina motsi. Ruwan da suka zuƙe ma ba su watsar a ƙasa ba, a durom suka tara.

Kwalaben kowace da aikinta. Ta gwajin ƙarafa an ɗiga mata asid don kada kiromiyom, ƙarfen da ke cikin sinadarin jima, ya manne a jikin roba, sauran kuwa cikin kula mai ƙanƙara. Kowace rijiya da sabuwar safar hannu. Sun cika kwalba biyu daga rijiya guda da lambobi daban, don a gwada ɗakin gwajin shi kansa ba tare da ya sani ba. Na sa hannu a takardar miƙa samfur mai ɗauke da lokaci. Wanda ya taɓa ganin mai ɗibar ruwa da gorar lemo a bayan babur zai gane bambancin.

Sai batun rahoto. An yi mana alkawarin mako biyu, wata ya wuce muna bin su a waya. Da ya iso, shafuka ne cike da lambobi, babu layin da ke nuna iyakar da aka amince da ita. Sai da na nemo da kaina cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 0.05 a lita ga kiromiyom, 0.01 ga dalma, 50 ga naitiret, sinadarin da ake samu a taki. Mai kuɗin masana'anta ba zai zauna yin wannan ba, tambayarsa ɗaya ce: akwai matsala ko babu?

Wanda ya fi damuna shi ne jimillar kiromiyom kawai suka ba mu. Kiromiyom iri-iri ne: wanda muke jima da shi ana ce masa mai daraja uku, mai daraja shida shi ne mugun, mai haddasa ciwon daji. Rijiyar da ke kusa da ramin ta nuna gishiri da kiromiyom fiye da ta saman, amma wane irin ne, rahoton ya yi shiru. Da na tambaya, aka ce ba ya cikin abin da muka biya. To, su ne masana, ya kamata su faɗa tun wurin ciniki.

Kuɗinsu ba arha ba ne, kuma gwaji ɗaya bai isa ba, tunda ruwan ƙasa yana tasowa da damina ya ja baya da rani. Za mu sake kiransu bayan ɗaukewar ruwa, amma wannan karon sai an rubuta ranar kawo rahoto, da gwajin kiromiyom mai daraja shida, da layin iyakoki kusa da kowace lamba, kafin mu biya kafin alƙalami.