Tiyon PTFE da mahaɗan PVDF a na'urar kulorin ta wurin ninkaya: abin da suka gyara da abin da suka bari

Na'urar da ke zuba kulorin a wurin ninkaya ba ta da inji kuma ba ta shan wuta; tulu ne na roba mai murfi, wanda ake jera ƙwayoyin kulorin masu faɗin inci 3 a cikinsa, ruwa ya ratsa su ya narkar da su sannu a hankali. Akwai wadda ake ɗorawa kai tsaye a kan babban bututu, akwai kuma wadda ake ajiyewa a gefe a haɗa ta da bututun ta siraran tiyo biyu, ɗaya na shigar ruwa ɗaya na fitarsa, kamar samfurin CL220 na Hayward ko Rainbow 300 na Pentair. Wadda nake kula da ita a wani masaukin baƙi ta wannan tsari na biyu ce, sai dai ba ta ɗayan kamfanonin nan ba ce, kuma a kanta na gwada tiyon PTFE, robar da aka fi sani da Teflon, tare da mahaɗan da ke haɗa tiyo da tulu na robar PVDF, wadda ake sayarwa da sunan Kynar.

Dalilin canjin yana cikin ƙwayar kanta. Sinadarin trichlor da ake yin ta da shi yana ɗauke da kulorin kusan kashi 90 cikin 100, kuma ruwan da ya narke a ciki yana da tsami sosai, ma'aunin pH ɗinsa, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, yana wajen 3, alhali ruwan da ake ninkaya a ciki ana son ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Muddin famfo, wato injin da ke tura ruwa, yana aiki, ruwan yana wucewa kafin ya yi ƙarfi. Matsalar tana farawa ne da zarar an ɗauke wuta, domin ƙwayoyin ba sa daina narkewa, ruwan da ke tsaye a tulun yana ta ƙara kauri da tsami, iskar kulorin tana taruwa a ƙarƙashin murfi, kuma abin da ya fara shan wannan azaba shi ne tiyon fita da mahaɗinsa. A wurin da famfo ke kwana a kashe saboda tsadar man janareta, wannan ba abu ne na lokaci-lokaci ba, kullum ne.

Tsohon tiyon da na cire ya nuna hakan ƙarara. Ɓangaren shiga, wanda ruwan wanka kawai ke bi, yana nan da laushinsa, ban da ƙurar hunturu da ta dafe a jikinsa. Ɓangaren fita kuwa ya kode, ya yi tauri, da na lanƙwasa shi kusa da noti sai ya karye kamar busasshen kara, bakin karayar yana zubar da farin gari. A ƙasan mahaɗin akwai tabon ɗigo da ya ci siminti, kuma kusoshin maɗaurin da ke riƙe da bututu sun yi tsatsa har sun kumbura.

Game da tiyon PTFE, ba ni da ƙorafi kan juriyarsa. Kulorin ba ya cin sa, asid ba ya cin sa, rana ma ba ta gasa shi, kuma tun da na ɗaura shi launinsa bai sauya ba. Yana da wata fa'ida da ban sa rai da ita ba: da yake haske yana ɗan ratsa shi, mutum yana ganin kumfar iska tana tafiya, ya san ruwa na gudana ba tare da ya buɗe murfi ya shaƙi abin da ke ciki ba. Aibinsa biyu ne. Na farko, yana da tauri, ba ya son kwana mai tsanani, idan aka tilasta shi sai ya lotsa ya toshe hanya, don haka dole a yanko shi da tsawo a bar shi ya zagaya a sake. Na biyu, yana da santsi kuma yana saki a hankali a ƙarƙashin matsi, ta yadda notin da aka ɗaure yau za a tarar ya ɗan sassauta bayan kwana biyu. Wanda bai koma ya ƙara masa ɗauri ba zai ga ɗigo ya ce kayan ba su da kyau, alhali halin robar ke nan.

Mahaɗan PVDF su ne suka fi burge ni, kuma a ganina su ne ainihin abin da ya cancanci kuɗin. Mafi yawan ƙananan mahaɗan da ake samu a shagunan kayan famfo na tagulla ne, ko na nailan, ko irin waɗanda ake tura tiyo kawai su cafke, da aka yi domin matatar ruwan sha, galibinsu da robar acetal. Duka ukun ba sa jure haɗuwar kulorin da asid: tagulla takan yi kore ta cinye, nailan da acetal kuma sukan tsage daga ciki ba tare da wata alama a waje ba. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne tunda girman ya yi daidai, kuma ba ƙarya yake nufi ba, bai san ruwan da zai bi ta ciki ba ne. Na PVDF sun zauna daram, zarensu, wato layukan da ake murɗa su da su, a fito yake da kyau, notin kuma yana ɗauruwa da hannu.

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, domin awo biyu ne ke yawo a kasuwa. Na'urorin da aka ƙera bisa tsarin Amurka suna da zaren NPT, kayan famfon da muka saba da su kuwa na tsarin Ingila ne, wato BSP. A girman kwata na inci, NPT yana da zare 18 a kowane inci, BSP yana da 19, saboda haka mahaɗin zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya, sannan ya cije. Wanda ya ɗauko sifana ya matsa, bakin tulun ne zai tsage, kuma tulun da ya tsage ba a liƙe shi. Haka tiyo mai kaurin inci 3/8, wato kimanin milimita 9.5, ba ɗaya yake da mai milimita 10 ba, ko da yake ido ba ya raba su. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke tsohon mahaɗin da guntun tiyon a tafi da su shago. Farin tef na masu aikin famfo, zagaye biyu zuwa uku a kan zaren, ya wadatar.

Abin da wannan canji bai magance ba shi ne komawar ruwa baya. Tiyo mai kyau zai kai ruwan tsamin nan duk inda ya nufa ba tare da ya fashe ba, har cikin hita ko matata idan famfo ya tsaya. Saboda haka bawul mai hana ruwa komawa, wanda ke kan layin fita, dole a canza shi tare da tiyon, a zaɓi mai robar Viton mai jure kulorin, a kuma tabbatar layin ya shiga babban bututu ne bayan hita, shi ne abu na ƙarshe kafin ruwa ya koma wurin wanka. Zoben robar murfi shi ma a duba shi, a shafa masa man silikon, ba basilin ba. Kafin a taɓa komai a kashe famfo, a sa safar hannu, a buɗe murfin a sarari fuska na kallon wani gefe, kuma kada a kuskura a zuba garin kulorin irin calcium hypochlorite a tulun da ya taɓa ɗaukar trichlor, domin haɗuwarsu tana iya fasa tulun a fuskar mutum.

Ban ga dalilin sa PTFE a ɓangaren shiga ba. Baƙin tiyon polyethylene, wanda baƙinsa ke kare shi daga rana, ya isa wannan aiki, ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya canza duka ba, sai ya fara da mahaɗin fita da bawul, sannan tiyon fita. Bayan an gama sai a riƙa auna ruwan na 'yan kwanaki, domin layin da ya daina yoyo yana kai kulorin fiye da da, kuma ni sai da na rage lambar da ke kan maɓallin na'urar kafin awon kulorin ya dawo tsakanin 1 da 3 ppm, wato kashi 1 zuwa 3 cikin miliyan.