Folding@home ko BOINC: wanne za ka ɗora wa katinka?

Ɗan'uwa, ka ce ka haɗa kwamfutar tebur a Terminus ta Jos mai katin hoto RTX 3060, kana so ta riƙa taya masu binciken magunguna aiki idan ka tashi daga kanta, amma ka rasa wanne za ka ɗauka tsakanin Folding@home da BOINC. Allah ya saka maka da alheri kan wannan niyya. Duka biyun na yi amfani da su.

Folding@home aiki ɗaya ta sa a gaba. Vijay Pande ne ya kafa ta a Jami'ar Stanford a 2000, don a kwaikwayi yadda furotin ke naɗewa da motsi a jiki, tunda karkacewar wannan naɗi na da hannu a cututtuka irin su Alzheimer. A Afrilun 2020, lokacin korona, jama'a suka yi mata caa, har ƙarfin lissafinta ya zarce na manyan kwamfutocin duniya 500 a haɗe. Irin wannan lissafi shi katin hoto ya fi ƙwarewa a kai. Ka sauke direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, daga shafin kamfanin Nvidia kai tsaye, kada ka tsaya kan wanda Windows ta saka maka, domin Folding@home ta iya amfani da katin yadda ya kamata. Sannan ka nemi lambar sirrin da suke kira passkey. Bayan ka kammala ayyuka 10 za a fara ƙara maka maki idan ka mayar da aiki da wuri.

BOINC kuwa kasuwa ce, kowa da rumfarsa. Jami'ar Berkeley ta fito da ita a 2002, kai ne za ka zaɓi aikin da za ka shiga. A nan mutane ke yin kuskure. Rosetta@home, ta David Baker wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, firosesa (CPU), wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kawai take amfani da shi, katinka zai zauna yana hutu. World Community Grid, wadda IBM ta fara a 2004 kafin ta koma cibiyar Krembil a Toronto, ta taɓa aiki kan zazzaɓin cizon sauro da Ebola, shi ya sa take a raina, amma ita ma yawancin aikinta na firosesa ne. GPUGRID ta Basalona ce ke cin katin Nvidia sosai, sai dai aikinta yau akwai, gobe babu.

Don haka katin dai Folding@home. In kana so ka haɗa, ba BOINC firosesa, ka bar wa katin zare ɗaya, wato ɓangare ɗaya na firosesar, da zai riƙa miƙa masa aiki.

Abin da zai yanke maka hukunci na gaskiya shi ne wuta. Katinka shi kaɗai yana jan wat 170. Da sauran kayan, ka ƙaddara wat 250, wato yunit 6 a kwana, 180 a wata. In kana layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, ka haura naira 36,000 a wata kenan. Kada ka kunna janareto saboda wannan. Ni da rana nake bari ta yi, lokacin da sola ta cika batir. Ka rage wa katin ƙarfi da manhajar MSI Afterburner zuwa kashi 70 cikin ɗari. Aikin da zai ragu kaɗan ne, zafi da ƙarar fanka kuma za su sauka sosai.

Ɗauke wuta ba ya cinye aikin duka, manhajojin biyu suna ajiye inda suka tsaya. Amma kowane aiki yana da wa'adi, na Folding@home kuma kwanaki kaɗan ne, idan ya wuce an ba wani. Ranar da za ka yi tafiya, danna inda aka ce ta ƙarasa na hannunta kada ta karɓi sabo.

Sanyin Jos gata ne a gare mu, wanda ke Abuja a watan Maris sai ya yi da gaske. Ƙurar hunturu ce matsalarmu. A Janairun bara na buɗe tawa, na tarar ƙura ta yi dandaƙi a bayan fanka kamar auduga, zafin katin ya haura digiri 80. Ɗauke kwamfutarka daga ƙasa ka ɗora kan tebur, duk sati biyu ka cire fulogi, ka riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da busasshen buroshi.