GIF ko CSS: wanne ya fi dacewa da maɓallan menu masu motsi?

Ɗan'uwanmu da ke haɗa wa wani shagon shadda da leshi na Agege gidan intanet ya yi tambaya. Maɓallai shida ne a menu ɗinsa, kowanne rubutu ne da ya mai da shi hoton GIF, yana walƙiya idan an ɗora linzamin kwamfuta (mouse) a kansa. Matsalar ita ce ɗorawar farko sai wurin ya yi fari fat na ɗan lokaci kafin motsin ya bayyana. Shin ya loda hotunan tun da wuri ne, ko ya koma CSS, wato harshen da ake tsara kamannin shafi da shi?

Malam, burauza ba ta sauke hoton da aka tanada wa :hover (yanayin da linzami ke kan maɓalli) sai an ɗora linzamin, farin da kake gani ke nan. Loda hotunan tun da wuri yana maganinsa, kuma tsohuwar dabara ce, Dreamweaver, manhajar haɗa shafukan intanet, ma yana da MM_preloadImages don wannan aikin. Da JavaScript, sai ka ƙirƙiri new Image() ga kowane fayil, ka ba shi src, ka tara su a array guda. Ko ka sa <link rel="preload" as="image"> a cikin head.

Amma yi lissafi tukuna. A ce kowane GIF kilobait 150 ne, shida sun zama 900. Layin da ke ba da kilobit 400 a daƙiƙa, kamar yadda kan faru a kasuwa idan jama'a sun cika, kilobait 50 ke nan a daƙiƙa, wato daƙiƙa 18 a kan ado kaɗai. Kuma da rel="preload" waɗannan fayiloli za su yi gogayya da hotunan shaddar, alhali shaddar mai saye ya zo gani. In dai GIF ɗin za ka riƙe, jinkirta lodin sai bayan window load.

GIF yana da wasu larurori da lodi ba ya warkarwa. Launi 256 ne iyakarsa a kowane firem (hoto guda cikin jerin da ke haɗa motsin), kuma fiksel ko dai a gan shi sarai ko ya ɓace ɗungurungum, babu tsaka-tsaki. Saboda haka gefen haruffa kan yi kaushi, ko farin zobe ya kewaye su idan aka ɗora su a kan bango mai duhu. Wadda ta fi ba da haushi ita ce ta maimaici: GIF mai motsi sau ɗaya, idan aka sake ɗora linzami, wasu burauzoji ba sa faro shi daga farko. Masu gyara sukan liƙa ?t= da lokaci a ƙarshen adireshin don tilasta shi. Yana aiki, sai dai burauza tana ɗaukarsa sabon fayil ta sake saukewa, lodin da ka yi da wuri ya tashi a banza.

A ɓangaren CSS kuwa rubutun yana nan a rubutunsa, cikin <a>. Babu hoton da za a jira, layuka goma zuwa ashirin sun isa, ba su kai kilobait ɗaya ba. Ka motsa transform da opacity, da transition na daƙiƙa 0.2 zuwa 0.3. Guji motsa width, left ko letter-spacing, don suna sa burauza ta sake auna shafin a kowane firem, ƙaramar waya ta riƙa sarƙewa. Google yana karanta rubutun, manhajar da ke karanta wa makafi ma haka, kuma ran da mai shago ya ce a mai da "Kaya" ya zama "Sabbin kaya", gyaran minti ɗaya ne.

Abu guda ne ke buƙatar lodi da wuri a nan: fayil ɗin salon haruffa. Rubuta <link rel="preload" as="font" type="font/woff2" crossorigin>. Kada ka manta da crossorigin ko da fayil ɗin a sabarka yake, in ba haka ba sau biyu za a sauke shi. Ga kuma tarkon da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa: Google Fonts yana raba haruffa fayil-fayil, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin kashin latin, suna latin-ext. Wanda ya loda latin kaɗai zai ga "Tuntuɓe mu" ya fito da ɓ a wata kama daban kafin ɗaya fayil ɗin ya iso. Wasu salon ma ba su da haruffan sam, don haka gwada "Ƙarin bayani" kafin ka zaɓa. Noto Sans yana da su.

Idan adon irin wanda CSS ba zai iya ba ne, kamar harshen wuta a jikin haruffa, akwai hanya ta tsakiya: jera firem-firem a hoto ɗaya na WebP, ka riƙa tura background-position da steps(). Firem 12 masu faɗin fiksel 160 sun ba da 1920. In kana so motsin ya tsaya a firem na ƙarshe, yi steps(11) zuwa -1760px da forwards. Steps(12) zuwa -1920px zai zarce firem na ƙarshe. Tunda firem na farko shi ne kamannin maɓallin tun buɗe shafi, hoton ya riga ya sauka, ba ka buƙatar wani lodi.

Ga wannan shagon, CSS za mu ce ka ɗauka. Masu sayen leshi daga WhatsApp za su latso adireshin a waya, kuma waya ba ta da linzami: yatsa ya taɓa, shafi ya wuce, wani lokacin ma adon ya maƙale a kan maɓallin. Sanya motsin cikin @media (hover: hover), ka ba wa waya :active, masu amfani da madannai kuma :focus-visible, sannan ka kashe motsin ga wanda ya kunna prefers-reduced-motion, wato zaɓin rage motsi. Kafin ka miƙa aikin, buɗe DevTools na Chrome, shiga Network, latsa Disable cache, rage gudun zuwa 3G, ka ɗora linzami a kan kowane maɓalli sau biyu.