NVDA: abin da kunnena ya shaida mini

Duk makahon da ya tambaye ni wace manhaja zai sa a kwamfuta ta riƙa karanta masa rubutu, NVDA nake ce masa. Dalilin farko, kyauta ce. Wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka raine ta tun 2006, shi ya sa ta san inda ke mana ƙaiƙayi. JAWS, wata manhajar mai irin wannan aiki, ita ma gwana ce, amma kuɗinta ba na ɗan Damagaram mai neman na tuwo ba ne, ta gwajin kuma tana cika minti 40 sai ka kashe kwamfuta ka sāke kunnawa.

Abin da ya fi burge ni, ana ɗora ta a ɗan USB. Nawa na aljihu kullum. In na je shagon buga takardu a Zango, sai in ce wa mai shagon, "Malam, taimaka ka soka mini wannan ka buɗe." Daga nan ba ruwana da kowa. A intanet maɓallin H na tsallaka da ni daga kanu zuwa kanu, K na bin mahaɗai, in surutun ya ishe ni in taɓa Ctrl ta yi tsit. Tsofaffin kwamfutocin nan na hannu ma ba ta yi musu nauyi.

Faransanci kam tana zuba shi ba gargada. Hausa ce matsalar. Da muryar Faransanci, "cin abinci" sai ya koma "san abansi", ƙ da ɗ da ƴ kuwa sai dai ka yi ta canke. Dabarata ita ce in juya ta zuwa muryar Italiyanci, don wasulansu sun fi kusa da namu. Ba daɗi, amma ana fahimta. Muryar eSpeak da ke zuwa da ita kamar ana magana cikin gwangwani take, ƙanwata har dariya take yi, ni kuwa na fi son ta don ko an ƙara sauri ba ta haɗiye kalma.

Takardar da aka ɗauka hoto aka turo, wadda ofisoshinmu suka fi ƙauna, sai ka danna maɓallin NVDA (wato Insert) da R a Windows 10 ta gwada gano haruffan. In hatimi ya hau kan rubutun, nemi mai ido.

Narrator, mai karanta rubutu na cikin Windows, Ctrl da Windows da Enter ke tada shi. Ni amfaninsa a wurina ɗaya ne: ya raka ni har in sauke NVDA a sabuwar kwamfuta.