Ɗan rakiyar da ya zaga da mu ƙauyukan Japan, ga yadda na gan shi

Jama'a tun dawowata Daura ake tambayata wai kuɗin da muka biya ɗan rakiya a Japan ya yi amfani kuwa, to wallahi ya yi, duk da kuɗin da ɗan nauyi kuma ranar farko motarsu ta shanya mu kusan awa guda cikin wani irin sanyi da ko hunturun Daura bai kama ƙafarsa ba.

Kwas ɗin noman shinkafa ne ya kai mu a Disambar 2023, sai muka ce bari mu ga ƙauye. Ɗan rakiyar ya kai mu yankin Noto. Kusan kowane ƙauye da ɗan ɗakin bautarsu na addinin Shinto a gefen gona, ƙofar katako da suke ce ma torii, ga igiyar da aka tuƙa da harawar shinkafa a rataye. Na Inari kuma, abin bautar da suka ɗauka shi ne mai shinkafa, za ka ga gumakan yanyawa biyu a bakin ƙofa, wai su ne 'yan aikensa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne bikin manoma na Aenokoto, ranar 5 ga Disamba. Maigida ya je gona ya gayyato abin bautar gonar zuwa gida, ya haɗa masa ruwan wanka, ya jera abinci yana faɗin sunan kowanne da baki saboda sun ce ba ya gani sosai, zai zauna nan har 9 ga Fabrairu a mayar da shi gona. Ina tsaye ina kallon dattijon nan yana magana da wurin da ba kowa, sai na tuno labarin da kakata ke ba mu na Maguzawa da uwar gona kafin shuka.

Ni Musulmi ne, na faɗa wa ɗan rakiyar tun farko ba zan rusuna ba ba zan tafa hannu ba, ya ce ba komai, bai ko canza fuska ba. Lokacin azahar shi ya nemo min wuri mai tsafta, abinci ma sai ya shiga kicin ya tabbatar ba alade ba giya.

Da na ba shi labarin rijiyar Kusugu da macijin nan, ciro takarda ya yi yana rubutawa, yana ta tambaya har muka iso masauki. Sati huɗu ba su cika ba girgizar ƙasa ta afka ma Noto, na kwana ina kiran wayarsa kafin ya ɗauka.