Agogon gwada matsin baƙin mai: sharhi bayan na yi amfani da shi

Duk mai tsohuwar mota ya san faɗuwar gaban da ake ji idan allurar baƙin mai ta kwanta kusa da sifili. Tawa ƙirar shekarun 1970 ce, da inji ya yi zafi sai allurar ta sauka, har aka fara ba ni shawarar sauke inji. Shi ya sa na sayi wannan agogon gwaji na hannu, mai tiyo da kawunan ɗauri kala-kala.

Aikinsa ba wuya. Ka kwance sensar matsin mai da ke jikin inji, wadda ke aika karatu zuwa allurar gaban direba, ka ɗaura tiyon a gurbinta, ka tayar da mota. Babu waya, babu lantarki, man da kansa ke tura allurar, don haka matsalar waya ko ta sensa ba za ta sa ta yi maka ƙarya ba. Abin lura shi ne kada a yarda da karatun inji mai sanyi, domin mai yana da kauri a lokacin, ko injin da ya gaji zai nuna lafiya lau. Sai da na bari ya yi zafi sosai, sannan na karanta: kusan psi 20 (psi shi ne ma'aunin matsi) a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, na taka totur zuwa juyin inji 3,000 a minti ɗaya ya haura 45. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000. Ashe injin ƙalau yake, sensar ce ta tsufa, ga kuma farin tef da wani ya naɗa mata a wurin ɗauri, wanda ke hana ta haɗuwa da ƙarfen inji yadda ya kamata.

Da karatun ya fito ƙasa, to da magana ta koma kan ragar da ke tsotso mai daga ƙasan inji, ko bawul ɗin rage matsi da ya maƙale a buɗe, ko fetur da ya tsinka man, ko metal ɗin karanshaf (ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu) da suka cinye. Agogon ba zai nuna maka wanne ne ba.

Inda ya gaza: tiyon gajere ne, ba ya kaiwa inda za ka gani daga kujerar direba, kuma kawunan ba a rubuta musu girma ba. Na ƙirar Amurka da na Ingila kamar tagwaye suke a ido, amma ba ɗaya ba ne. A fara ɗaurawa da hannu, in ya cije kada a sa sifana.