AT2020 ko SM58: wanne mai rap zai saya wa ɗakinsa a Jos?

Ɗan uwa mai tambayar makirufo, tunda ka ce ɗakin haya kake a Anguwan Rogo, rufin kwano ne, kuma kuɗin guda ɗaya kawai kake da shi tsakanin Audio-Technica AT2020 da Shure SM58, to ka ɗauki SM58. Na san a zauren nan da yawa za su ce maka ai wannan na dandali ne, na masu wa'azi da masu gabatarwa a wurin biki, wancan kuma shi ne na situdiyo. Haka ne, amma kai ba situdiyo gare ka ba, ɗaki gare ka.

Farashinsu a waje kusan ɗaya ne, kowanne yana wajen dala 100, don haka ba kuɗi ne ya raba su ba. AT2020 kwandensa ne. Fatar da ke kama sauti a cikinsa siririya ce ƙwarai, kuma ba ya aiki sai an ba shi wutar 48V daga akwatin sauti, wanda 'yan kasuwa ke kira sawunkad. Yana ji daga 20 Hz har 20,000 Hz. SM58 dainamik ne, ba ya neman wuta, iyakar jinsa 50 Hz zuwa 15,000 Hz. A takarda ka ga kwandensa ya yi gaba. Matsalar ita ce jin da yake da shi ba ya zaɓe. Muryarka zai ɗauka, ya ɗauki keken da ke wucewa a layi, da janareton maƙwabci, da yaran tsakar gida, da matar da ke daka. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ga ruwa a kan kwano, wani lokaci har da ƙanƙara, ka san Jos.

Hayaniyar waje ma da sauƙi, za ka iya jira dare ya raba. Abin da ba ya tafiya shi ne amon ɗakin kansa. Ɗaki mai bangon siminti da daɓen tayil, idan ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya, za ka ji wata 'yar ƙara tana bin tafin. Wannan ƙarar tana bin kowane harafi da ka furta. Da zarar ta shiga cikin ɗauka, mai tace sauti ba zai iya raba ta da muryar ba sai ya ci muryar. Kuma da ya sa kwamfiresa don ya daidaita ƙarfin baitoci, amon zai ƙara tasowa, don aikin kwamfiresa ke nan, ya ɗaga abin da ke ƙasa. Shi ya sa kake jin waƙar wasu yara kiɗan ya fita tas, muryar kuma tana can nesa.

Wasu na cewa dainamik yana da wata dabara ta kore hayaniya. Ba wata dabara, nisa ne. Da kwandensa kana tsayawa santimita 15 zuwa 20 daga bakinsa, da matatar iska a tsakani. Da SM58 leɓenka yana santimita 2 zuwa 5 daga ragar. Duk lokacin da ka rage nisan da rabi, muryarka tana ƙaruwa da kusan dB 6, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan inda take. Sai ka rage ƙarfin shiga a akwatin sauti, hayaniyar ta sauka tare da shi. An yi SM58 don a yi masa magana a kusa haka, ragarsa mai ƙwallo tana da soso a ciki da ke karya iskar baki. Kwandensa kuwa idan ka manna masa baki, kowane "b" da "f" sai ya buga shi da iska.

Ga kuma harshenmu. Mai rap da Hausa yana harba ƙ da ts da ky da ƙarfi, da sauri, a jere. Kwandensa mai araha yana da kaifi a sama, sai ka ji "ts" da "s" suna sokar kunne, har sai mai tacewa ya danne su, muryar ta dusashe. SM58 yana tausasa wannan saman da kansa, ya turo tsakiyar murya gaba, inda kalmomi suke. Rap kuwa kalma ce, idan ba a ji abin da ka ce ba an yi asarar baitin.

SM58 nake da shi, kuma shi nake miƙa wa duk wanda ya shigo da zafin baiti. Tun 1966 ake ƙera shi, bai canja wani abin kirki ba. Ka duba na masu haya da kayan sauti a wurin taro: ragar ta lotsa ta gefe ɗaya, fentin jikin ya goge inda hannu ke kamawa, an naɗa masa salatif a gindi, amma ka jona shi ya yi magana garau. Ragar ma kwancewa take, ka wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu, ta bushe ka mayar, ko ka sayi sabuwa ita kaɗai. Ƙurar hunturu ba ta dame shi ba, laimar damina ma haka. Ga mai tashi da kansa, wanda ba kamfanin da ke biya masa komai, akwai riba ta biyu: ranar da aka gayyace ka wasa a makaranta ko wani wurin shaƙatawa a Rayfield, ka sa abinka a jaka ka tafi da shi, ba sai ka karɓi wanda baki goma suka tofa wa yawu ba. Kuma hannunka ya riga ya saba da shi tun daga ɗaki. Sai dai ka bar ɗabi'ar nan ta dunƙule ragar da tafin hannu. Ta bayan ragar yake gane sautin da zai ƙi, idan ka toshe wurin sai ya koma ji ta ko'ina, murya ta shaƙe, lasifika ta fara kuka. Riƙe shi a jiki.

Aibinsa ɗaya, ba ya da ƙarfin fita, yana son akwatin sauti mai tura shi sosai ba tare da huci ba. Focusrite Scarlett Solo ya isa, ƙofar makirufo ɗaya gare shi, 2i2 kuma biyu, idan kuna yawan yin waƙa ku biyu. In aljihu bai kai ba, Behringer UMC202HD yana ɗauka a 24-bit. Ƙananan 'yan uwansa, UM2 da UMC22, a 16-bit suka tsaya. Kada kuma wani ya zuga ka zuwa makirufon SM7B don ka gan shi a bidiyon manya. Kuɗinsa ya ninka na SM58 kusan sau huɗu, kuma yana neman ƙarfin shiga wajen dB 60, wanda ƙananan akwatuna ke kaiwa da ƙyar.

AT2020 ba shi da laifi, a ɗakin da aka yi wa gyara yana fitar da murya mai haske, musamman ga mai rera amshi a hankali. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yana tsoron laima, idan ya sha ta sai ya fara ƙaras-ƙaras, dole a riƙa ajiye shi a jaka da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Idan ka nace sai shi, ka tuna ta gefe ake yi masa magana, gefen da tambarin yake, ba ta ka ba. Da yawa sun yi wata guda suna rap a bayansa suna zagin makirufo.

Ba ka tambaya ba, amma na san za a nuna maka shi a shago: haɗin nan na BM-800 mai ruwan zinare da ƙaramin akwatin V8, da ƙarfen maƙalawa a tebur, duka a kwali ɗaya da kuɗi kaɗan. Na masu hira kai tsaye a TikTok ne. Amon da yake ƙara wa murya yana shiga cikin ɗaukar ne, ba ya fita, kuma kebul ɗinsa mai ƙaramin baki irin na iyafis yana jawo huci. Araha ba ta ado. Kada ka sa kuɗin waƙarka a nan.

Idan kayan sun zo, ga yadda za ka zauna da su. Kebul na XLR mai baki uku, mita 3 ya ishe ka. Maɓallin 48V a kashe, SM58 ba ya buƙatarsa. A Windows ka saka direban ASIO na kamfanin akwatin, ka ɗauka a 24-bit, 48 kHz ko 44.1 kHz, ka tambayi furodusanka a wanne ya haɗa kiɗan ku tafi daidai. Ka yi baitin da ya fi kowanne ƙarfi, kana murɗa makunnin ƙarfin shiga, har allurar awon ƙarfin murya a manhajar ɗauka ta riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6. Idan ta taɓa sifili ta yi ja, muryar ta fashe, kuma ba ta gyaruwa. Idan kana jin muryarka tana zuwa a makare cikin hedfon, ka mayar da bafa, wato saitin jinkirin sauti a manhajar, 128 ko 64, ko ka danna maɓallin saurare kai tsaye da ke jikin akwatin. Hedfon ya zama mai rufaffen baya, irin ATH-M20x, in ba haka ba kiɗan zai zubo cikin makirufo. Ka kafa makirufon a sanda lokacin ɗauka, riƙo da hannu na dandali ne. Ka ɗan karkatar da shi gefen baki don iska ta wuce. Matsowa kusa yana ƙara wa murya kauri, in ya yi yawa a yanke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz wajen tacewa.

Kada ka tsaya a tsakiyar ɗaki, kada ka shige kusurwa. Jingina katifa a bango a bayanka, ka rataya bargo mai kauri a gefe, don makirufon abin da ke bayanka yake kallo. Kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare komai, sai tara ƙura da kyankyaso. Fanka a kashe, amma a sanyin Jos wannan ba wahala ba ce.

Sai wuta. Idan ka ji wani gurnani siriri da ba ya yankewa, mafi yawa daga cajar laftof yake, ya fi muni idan janareto ne. Cire cajar ka ɗauka da batir, akwatin sautin ta USB yake shan wutarsa. Wayarka kuma ka nisanta ta da kebul.

Yanzu maganar 'yan kasuwa, don SM58 yana cikin makirufon da aka fi yi wa jabu a duniya, kuma jabun yana zuwa da kwali da jaka da takardu tsaf. Kwali ba shaida ba ne. Lissafa dala 100 a canjin ranar, ka ɗora kuɗin shigowa da ribar mai shago. Wanda ya ce zai ba ka sabo dal a rabin wannan, jabu yake riƙe da shi, ko ya rantse. Na gaske nauyinsa wajen giram 298 ne, AT2020 kuma 345, ma'aunin masu kek ya isa ka gwada. Amma wasu masu jabun suna cusa ƙarfe a ciki don nauyi ya kai, saboda haka kunne ne alƙali. Ka je da akwatinka da hedfon da laftof, ka jona a gaban mai shago. Ka murza jikin makirufon da yatsu: na gaske yana da abin da ke shanye motsin hannu, jabu kuwa za ka ji gurr a kunne. Ka yi magana ta gaba, ka juya ta baya, muryar ta faɗi sosai. Wanda ya hana ka gwaji, ka bar masa kayansa.

Akwatin Focusrite yana da lamba a ƙasansa, ana yi masa rajista a shafin kamfanin, da rajistar ake samun manhajojin da ke biyo shi. Idan na hannu ne, ka murɗa makunnin daga farko zuwa ƙarshe kana saurare ko zai yi ƙaras, ka girgiza bakin USB ka ga ko zai yanke. Masu tallar kaya a Instagram da ke cewa turo kuɗi a ɗora maka a mota daga Legas, in ba wanda ka sani da ya taɓa karɓar kaya a hannunsu, ka haƙura. Gara ka shiga mota zuwa Abuja ka taɓa da hannunka. Haka masu ce maka za su loda maka manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da fulogin, wato ƙananan manhajojin gyaran sauti, har ɗari kyauta, satacce ne, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, ranar da laftof ta tsaya waƙoƙinka na ciki. Ɗaukar murya kawai kake yi, manhajar Audacity kyauta ce, Reaper kuma yana ba da gwajin kwana 60, lasisinsa dala 60.

Abin da ya rage a hannunka kada ka ƙara wani ƙarfe da shi, ka ajiye wa mai tace sauti. Jos, garin da ya fitar da mawaƙa irin su M.I da Jesse Jagz da Ice Prince, bai rasa masu kunne ba. Ka tura masa murya tsurarta, ba amo ba gyaran sauti, babbar murya daban, ninki daban, 'yan cike-ciken baya daban, kowanne ya fara daga daƙiƙar farko ta kiɗan don su hau daidai. A WAV za ka fitar, ba MP3 ba, kuma in ta WhatsApp ne ka tura a matsayin fayil, ko ka ɗora a Google Drive. Kiɗan ma ka karɓi WAV ɗinsa daga furodusa, da rubutacciyar yarjejeniyar ko haya ya ba ka ko mallaka, kafin ka ɗora a Audiomack ko Boomplay. Waƙar da kake ganin ita ce za ta fitar da kai, mai amshi mai laushi, ka gama koyonta a gida da SM58, sannan ka biya awa biyu a situdiyo mai gyararren ɗaki ka yi amshin da kwandensarsu.